Sunan Wa Ke Kan Buhun?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Aliero lokacin kakar albasa, ya ga yadda ake loda manyan motoci masu zuwa kudu, zai lura da wani ɗan abu. Kafin a ɗaga buhu sai an sa masa alama. Wani haruffa biyu yake rubutawa da fenti, wani ya ja layi, wani ya ɗaura ƙyalle a bakin buhun. Ba don ado ake yi ba. Idan mota ta isa Legas ko Anacha, da alamar nan ake sanin wanda za a aika wa kuɗi. Idan kuma aka buɗe aka tarar an jera manya a sama an cusa ruɓaɓɓu a ƙasa, da ita ake sanin wanda za a nema. Ban taɓa jin manomin da ya ce wa maƙwabcinsa, don girman zumunci bari in sa alamarka a buhuna ba. Ban kuma taɓa jin wanda ya yarda a sa tasa a buhun da bai ga cikinsa ba.

Abin da manomin Kashin Zama ba zai yi da buhun albasa ba, shi ne masu manyan digiri suke yi da takardun bincikensu, da yawansu kuwa ba su ganin wani laifi a ciki. Wani zai ce, me ya kawo maganar jami'a a shafin da dattawa da matan zumunta suke karantawa bayan sujada? Abin da ya kawo ta shi ne, 'ya'yanmu ne a ciki. A shekarar 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, wadda yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. A 2013 aka sami jami'ar tarayya a Birnin Kebbi, a 2020 kuma ta aikin gona a Zuru, ga kwalejin koyon aikin lafiya a Jega. Da wuya ka sami ikkilisiya a wannan yanki da ba ta da ɗalibi mai rubuta kundin kammala karatu, ko malami mai jiran ƙarin girma. In an ƙara masa girman kuwa, mu ne muke raka shi gaban majami'a da rawa da baikon godiya. Ya kamata mu san abin da muke yi wa rawa.

Ga yadda abin yake, domin waɗanda ba su taɓa shiga wannan harka ba. Malamin jami'a ba da koyarwa kaɗai yake hawa matsayi ba. Sai ya yi bincike, ya rubuta abin da ya gano, ya aika wa wata mujalla ta masana. Editan mujallar yakan ba mutum biyu ko uku da suka san fannin su duba, su ce a karɓa, ko a gyara, ko a mayar wa mai shi. In an buga, sunayen da ke saman takardar su ne duniya za ta ɗauka masu aikin. Ranar ƙarin girma kwamiti zai ƙirga takardu nawa ne suke ɗauke da sunanka. Da su ake zama babban malami, da su ake zama farfesa, da su ake samun kuɗin bincike da tafiya ƙetare. Ashe suna a kan takarda albashi ne, gida ne, kuɗin makarantar yara ne.

Watannin baya wata yarinya daga cikin mawaƙan ikkilisiyarmu ta same ni bayan an tashi. Iyayenta manoma ne a wajen Maiyama. Ta yi digiri na biyu a wata jami'a da ke nesa da jiharmu, wadda ba zan kama sunanta ba, bincikenta kuwa a kan ruɓewar albasa ne a wurin ajiya. Rani biyu ta yi tana bin ƙauyuka a bayan babur, har Kashin Zama, tana roƙon manoma su bar ta ta duba rudunsu, tana ƙirga ruɓaɓɓu, tana ɗaukar wasu zuwa ɗakin gwaji. Kuɗin motar ma sai da aka sayar da akuyar mamarta. Ta gama, ta karɓi takardar shaidarta. Da ta tashi neman aikin koyarwa aka ce sai da bugaggiyar takarda ko da ɗaya ce, sai ta ciro babi guda daga kundinta, ta gyara, ta aika wa wata mujalla. Bayan mako uku amsa ta zo. An sa rubutunta a manhajar gano satar rubutu, an ga fiye da rabinsa ya yi daidai da wata takarda da aka riga aka buga.

Ta nemo takardar. Aikinta ne, da jadawalinta, har da wani kuskuren lissafi da ta yi kusa da ƙarshe. Sunaye biyar ne a sama: malamin da ya duba aikinta, shugaban sashe, wasu malamai biyu, da wani mutum a wata jami'a dabam wanda ba ta taɓa jin labarinsa ba. Nata babu, ko a layin godiya. Ta ce mini, "Baba, yanzu ni ce na zama ɓarauniyar." Na ce, "'Yata, kin yi masa magana kuwa?" Ta ce, "Na je, Baba. Ya ce ai na ba ki digiri, me kuma kike nema? Ya ce in ina so ya tsaya mini gaba wajen neman aiki, in iya bakina." Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan.

Laifi biyu ne a wannan takarda ɗaya. An cire sunan wadda ta yi aiki, an kuma sa sunayen waɗanda ba su yi ba. Na farkon kowa ya ji zai ce zalunci ne. Na biyun shi ne ya fi damuna, gama shi ake kira alheri.

Kada kuwa a ɗauka yarinyar nan ita kaɗai ce. A 2013 mujallar Developing World Bioethics ta buga binciken Patrick Okonta da Theresa Rossouw, waɗanda suka tambayi masu bincike 133 a Nijeriya game da laifuffuka takwas da akan yi a wannan aiki. Kusan kashi 69 cikin ɗari sun amsa cewa sun taɓa faɗawa cikin aƙalla ɗaya. Wanda ya fi yawa shi ne rigima a kan sunan wa za a sa, kashi 36 cikin ɗari. Satar rubutu ita ce ta ƙarshe, kashi 9. Mutum 133 ba su ne dukan Nijeriya ba, amma abin lura ne. Makarantunmu sun kashe kuɗi a kan manhajoji irin su Turnitin domin kama mai kwafar kalmomi. Manhajar tana ganin jimlar da ta yi kama da wata. Ba ta ganin wanda ya sha rana a gona, ba ta kuma ganin wanda yake kwance a gida aka kai masa suna. A batun yarinyar nan ma mai kayan ta kama.

Ni ma ba zan wanke hannuna ba. Lokacin da nake koyarwa, wani ƙaramin malami ya shigo ofishina da takarda, ya rusuna ya ce, "Yallaɓai, na sa sunanka." Na ce na gode, Allah ya yi albarka. Shafin farko kaɗai na karanta. Takardar ta shiga cikin waɗanda aka ƙirga mini. Har yau in wani ya tare ni ya ce yaya kuka auna abin da kuka ce kun auna, ba ni da amsa. A lokacin ban ji lamirina ya motsa ba ko kaɗan, domin haka kowa yake yi, kuma na ga kamar in na ƙi na kunyata yaron.

Mu mutane ne masu kara da kunya, ba na kuwa fata mu rabu da su. Su ne suke sa yaro ya ba babba kujera, su ne suke sa a raba nama har gidan da ba su zo yanka ba. Amma a kan takardar bincike sun zama tarko. Ƙaramin ba ya iya barin sunan babba, gama gobe babban ne zai zauna a kan batun ƙarin girmansa. Babban ba ya iya cewa cire ni, gama za a ce ya raina kyauta. Tsakanin tsara da tsara kuma abin ya koma adashi. Malamai huɗu su haɗa baki, kowa ya rubuta ɗaya ya sa sauran ukun, a ƙarshen shekara kowannensu yana da huɗu. Wani lokaci kuma kuɗin bugu ne ya yi yawa, albashi bai kai ba, sai a ce kawo naka kason a sa ka. Ina tausayin malamin da yake biyan kuɗin bugu daga aljihunsa, na san zafin. Amma sayar da layi a saman takarda ciniki ne, ko da me aka kira shi.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne, bari ya ji abin da ya faru a Landan. A watan Agusta na 1994 mujallar likitocin mata da haihuwa ta Ingila, British Journal of Obstetrics and Gynaecology, ta buga labarin wani abin mamaki. Wani likita a asibitin St George's mai suna Malcolm Pearce ya ce ya ɗauke cikin da ya zauna a wajen mahaifa, ya mayar da shi cikin mahaifar, har matar ta haihu lafiya. Irin wannan ciki yakan kashe mace in ba a cire shi ba, saboda haka labarin ya zagaya duniya, mata suka fara sa rai. Cikin sunayen da ke kan takardar akwai na Farfesa Geoffrey Chamberlain, shugaban sashen, editan mujallar kanta, kuma shugaban babbar ƙungiyar likitocin fannin. Da aka bincika, ba a sami matar ba, ba a sami jaririn ba. Ba a taɓa yin aikin ba. A 1995 aka cire Pearce daga rajistar likitoci. Chamberlain bai ƙirƙiri kome ba, bai ma san ƙarya ce ba. An kawo masa takarda ne ya sa hannu kamar yadda shugabannin sashe suka saba. Duk da haka ya sauka daga kujerar edita da ta shugabancin ƙungiyar. Ai wanda ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski.

Abin da nake so mu riƙe ke nan. Suna a kan takardar bincike shaida ce. Mai sunan yana gaya wa duniya cewa ya ga cikin buhun, a neme shi in an sami ruɓa. Editocin mujallun likitanci, waɗanda suka fara haɗuwa a Vancouver ta ƙasar Kanada a 1978, sun tsara ƙa'idar da yawancin mujallun kirki suke bi. Kafin a kira mutum marubucin takarda sai ya sa hannu sosai a tsara binciken, ko tattara bayanai, ko fassara su. Sai ya rubuta, ko ya yi gyara mai ma'ana a rubutun. Sai ya karanta na ƙarshe ya amince. A 2013 suka ƙara sharaɗi na huɗu, cewa sai ya yarda zai amsa tambaya a kan aikin in wata shakka ta taso. Duka huɗun ake so, ba ɗaya ba. Samo kuɗi kaɗai, ko zama shugaban sashe kaɗai, bai isa ba. Mai irin wannan a gode masa a ƙarshen takarda, wannan ma girma ne.

Ƙa'idar ta kuma rufe wata ƙofa da masu wayo suke so su bi. Ba a yarda a hana wanda ya tattara bayanai ganin rubutun, sa'an nan a ce ai bai rubuta ba, don haka ba shi da suna. Wajibi ne a ba shi zarafi ya shiga rubutun. Malamin da ya taimaki ɗalibi ya tsara tambaya, ya zauna da shi a kan lissafi, ya gyara rubutu sau uku, lalle ya cancanci sunansa ya fito, ba mai gardama. Amma kusa da na ɗalibin zai fito, ba a gurbinsa ba. Kwanan nan ma maganar ta sake fitowa ta wata hanya. Da mutane suka fara sa sunan ChatGPT cikin marubuta, a 2023 ƙungiyoyin editoci suka ce ba zai yiwu ba. Dalilinsu kuwa shi ne na'ura ba ta iya ɗaukar alhaki. Ina ganin farfesan da bai karanta takarda ba bai fi na'urar iya amsawa ba.

Mu masu karanta Hausa ya kamata wannan magana ta taɓa mu fiye da kowa, gama tun farkon buga harshen nan aka soma ta. Akwai wani yaro daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda aka kama bauta, aka 'yanta shi, ya yi tafiya da Bajamushen nan Heinrich Barth har Tumbuktu, ya bi shi Ingila a 1855. Can ya zauna da Rabaran J. F. Schön na mishan ɗin CMS, yana ba shi labarai da tatsuniyoyi da kalmomi, Schön yana rubutawa. Da taimakonsa Schön ya ci gaba da aikin nahawu da ƙamus da fassarar sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Littafin Magana Hausa na 1885 cike yake da bakin Dorugu. A yi wa Schön adalci, ya ambace shi a ciki. Amma littafin da sunan Schön aka san shi, shi ne kuma Jami'ar Oxford ta ba digirin girmamawa a 1884. Dorugu ya dawo ƙasar Hausa, ya rasu a Kano a 1912. Sai a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fito da labarin rayuwarsa a matsayin nasa.

Ga kuma babban ƙamus ɗin Hausa da aka buga a 1949. Bugun farko yana ɗauke da sunaye biyu, R. C. Abraham da Malam Mai Kano. Bugu na biyu, na 1962, da sunan Abraham kaɗai aka san shi, haka ɗalibai suke ambatonsa har yau. Ba dole ne abin ya kasance haka ba. A tsakiyar shekarun 1930 littafin Jiki Magayi ya fito da sunan John Tafida na Wusasa tare da na Rupert East, har yanzu kuwa da sunayen biyu ake koyar da shi. Mun daɗe muna ƙorafi cewa Turawa sun kwashi ilmin kakanninmu sun sa sunansu. Abin kunya ne a ce yau ɗan ƙasa ne yake yi wa 'yar ƙasa, a ofishin da aka gina da kuɗin talakawa.

Ba kuwa baƙon abu ba ne a wurinmu a faɗi wanda ya yi aiki. Mutumin da jami'ar Aliero take ɗauke da sunansa, Abdullahi Fodiyo na Gwandu, ya rubuta ɗan littafi musamman domin ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu wurinsu, da abin da ya karanta wurin kowannensu. Mu ma a wasiƙar Romawa, babi na 16, mun san sunan Tartiyas wanda ya riƙe alƙalami, gama an bar shi ya faɗi sunansa. Mun san Baruk wanda ya rubuta wa Irmiya. Magabata na kowane ɓangare ba su ga raguwar girma ba a faɗin wanda ya taimake su.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin ƙirga ake yi ba karantawa ba, za a ci gaba da neman yawa. Wannan yunwa ce ta haifar da mujallun da ba su duba kome sai shaidar biyan kuɗi. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya rubuta takardar ƙarya a kan maganin ciwon daji, cike da kurakuran da ɗalibin aji ɗaya zai gani, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, sunayen da ya ƙirƙiro wa marubutan irin na Afirka ne. A 2015 wasu masana biyu a ƙasar Finlan, Cenyu Shen da Bo-Christer Björk, suka ƙiyasta cewa takardun da irin waɗannan mujallu suke bugawa sun tashi daga kimanin 53,000 a 2010 zuwa kimanin 420,000 a 2014, kuma kimanin kashi 8 cikin ɗari na marubutan daga Nijeriya suke, Indiya kaɗai ke gabanmu. A 2023 an janye takardu fiye da 10,000 a duniya, mafi yawansu daga mujallun kamfanin Hindawi, bayan an gano masu sana'ar ƙera takardu suna sayar da gurbin suna. Wanda yake biyan wannan bashi shi ne malamin kirki na Sakkwato ko Zariya, wanda edita zai ga adireshinsa ya fara zargi tun bai karanta ba.

Akwai kuma wanda ba ya karanta mujalla amma shi abin yake faɗa wa. In takarda ta ce magani kaza yana hana albasa ruɓa, malamin gona zai ɗauka ya kai ƙauye. Manomi zai sayar da hatsi ya saya. In bai yi ba, wa za a tambaya? Mutum biyar ne a kan takardar, ba wanda ya taɓa shiga rudu, wadda ta shiga kuwa an share ta.

To, in abu ya riga ya faru, me ake yi? Bayan rikicin Pearce da wasu irinsa, a 1997 wasu editoci a Ingila suka kafa kwamitin ɗa'ar wallafa da ake kira COPE, wanda yanzu mujallu dubbai suke bin jagorarsa. Tsarinsu a fili yake. In wani ya rubuto ya ce an bar sunansa, edita zai tambayi waɗanda ke kan takardar. In duka sun yarda a rubuce, sai a buga gyara a ƙara sunan. In sun ƙi, edita ba ya yanke hukunci da kansa, gama bai ga wanda ya yi aikin ba. Sai ya miƙa maganar ga jami'ar da aka yi binciken, ya jira abin da za ta gano. Rigimar suna kaɗai ba ta sa a janye takarda in sakamakon binciken gaskiya ne. Amma in ya tabbata kwashe aikin wani aka yi, to, an shiga babin sata, ana iya janye ta. Janyewa kuwa ba ɓoyewa ba ce. Takardar tana nan, da tambari a kanta, kowa ya gani.

Tsarin yana da kyau, amma a ƙasarmu yana da rami a tsakiya. Edita ya mayar da magana jami'a, jami'a ta mayar sashe, a sashe kuwa wa ke zaune? Mutumin da sunansa yake na biyu a kan takardar. Wannan ne ya sa yawancin yara suke haɗiye abin su yi shiru. Ina roƙon majalisun jami'o'inmu, na Kebbi da na sauran jihohi, su duba wannan rami. A sami kwamitin da ɗalibi zai rubuta wa kai tsaye ba ta hannun shugaban sashensa ba, a sa mutum ɗaya daga wata jami'a a ciki, a yanka masa wa'adi, a kuma hana wanda ake ƙara taɓa sakamakon mai ƙara har a gama. Kafin ɗalibi ya fita gona ko asibiti, shi da malaminsa su sa hannu a takarda guda, wadda ta faɗi sunan wa zai zo farko in an buga. Minti goma ya isa, ya kuwa fi sauƙi a yi shi tun ba a ga amfanin gonar ba.

Ranar ƙarin girma kuma a rage ƙirga. A ce wa mai nema ya zaɓo takardunsa biyar da ya fi alfahari da su, a zaunar da shi, a tambaye shi, a wannan me ka yi da hannunka? Me ya sa kuka zaɓi wannan hanya? Wanda ya yi aiki zai ji daɗin tambayar, sai an tsayar da shi ma. Mai adashi kuwa a tambaya ta biyu zai fara neman ruwa. Mujallu da yawa yanzu suna buga ɗan bayani a ƙarshen takarda, wane ya tsara, wance ta tattara, wane ya yi lissafi. Mujallun da tsangayoyinmu suke bugawa ba abin da zai hana su yin haka daga fitowa ta gaba, ba ya cin ko kwabo.

Saura mu na cikin majami'a. Yarinyar nan kafin ta zo wurina ta je wurin wasu manya biyu. Dukansu abu ɗaya suka ce mata, ki yi haƙuri, ki bar wa Allah. Na san da kyakkyawar zuciya suka faɗa, suna tsoron kada a ɓata mata gaba. Amma gafara tsakaninta da malamin ce, tana iya yi tun yau. Takardar kuwa tana nan tana faɗa wa duk mai karantawa abin da ba haka yake ba, tana kuma mai da ita ɓarauniyar aikinta. Neman a gyara wannan ba ramuwa ba ce. In haƙuri kaɗai muke koya wa ƙanana, ba mu taɓa ce wa manya su mayar da abin da suka ɗauka ba, to, mun zaɓi ɓangare ke nan. Malaman da suke yin wannan ai wasunsu a kujerun gaba suke zama ranar Lahadi, wasu dattawan ikkilisiya ne. Makarantunmu na tauhidi su ma suna da kundaye da mujallu, ban kuwa ce ƙofarsu ta fi ta kowa tsabta ba.

Ni dai na rubuta wa wancan ƙaramin malami, wanda yanzu ya zama babba, na gaya masa na cire takardarsa daga jerin ayyukana. Ya yi mamaki, ya ɗauka wani laifi ya yi mini. Sai da na kira shi muka yi doguwar magana.

Yarinyar kuwa mun zauna mun rubuta wa editan mujallar da ta buga aikin. Ba mu zagi kowa ba. Mun haɗa hoton shafin kundinta mai ɗauke da kwanan wata da sa hannun malaman da suka yi mata jarrabawa, wanda ya riga takardar fitowa da wata goma sha ɗaya. Mun haɗa saƙonnin da ta riƙa aika wa malamin da jadawalin a ciki, mun kuma nuna kuskuren lissafin nan da yake wuri ɗaya a duka biyun. Editan ya amsa cewa ya rubuta wa mutum biyar ɗin, yana jiran su. Littattafanta uku na awo, waɗanda ta cika da fensir a ƙauyuka, da sunan kowane manomi da ranar da ta je, suna cikin akwatin mamarta a Maiyama. Na ce kada ta ba kowa na ainihin, ko wa ya aiko.